Filas ɗin da ya ci mini mutunci a Birnin Kudu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Alhaji Sule, mahaifin Bilkisu da nake nema da aure, ya aiko a kira ni. Bilkisu ta samu gurbin karatun jinya, yana son ya saya mata laftof 'yar gwanjo, an kuma gaya masa duk Gwaram babu wanda ya san kwamfuta kamata. (Ni na baza wannan labarin da bakina. Kwas ɗin wata uku kawai na yi a Kano.)

Na sha guga, na jefa filas, ɗan abin adana bayanan da zan gwada kwamfutar da shi, a aljihu, muka hau mota zuwa Birnin Kudu. A hanya ina ta yi masa lacca. "Baba, ramukan USB ake fara dubawa. Nan 'yan gwanjo suke cutar mutane."

Mai shagon, Malam Nura, ya ɗauko mana wata baƙa mai tsabta. Na soka filas a ramin farko, shiru. Na biyu, shiru. Na hura ramin, na haska da fitilar waya, na kashe kwamfutar na kunna. Shiru. Aka kawo ta biyu, aka kawo ta uku, duk haka.

Da a nan na tsaya, da na tsira. Amma ganin Alhaji yana gyaɗa kai, sai na ɗaga murya. "Malam, ka ji tsoron Allah! Gawarwaki ka tara kana sayar wa bayin Allah?" Masu shagunan kusa suka fara leƙowa.

Malam Nura bai yi fushi ba (da ya zage ni ma, da ya fi mini sauƙi). Ya jawo maus, linzamin kwamfuta, daga durowa, ya soka a ramin farko, jar wutar maus ɗin ta kama. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta uku, ko'ina wuta. Sannan ya miƙo hannu. "Malam, mu ga filas ɗin."

Ya juya shi, ya kai hanci, ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ma ya sansana.

"Sabulun wanki," in ji Alhaji.

Nan take na tuna wandon da na jiƙa shekaranjiya, ya kwana a bokiti da filas ɗin a aljihunsa. Alhaji, dattijo mai furfura, shi ya riƙe hannun Malam Nura yana ba shi haƙuri a madadina. Ya sayi ta farkon.

Muka kamo hanyar Gwaram. Da muka sauka ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Injiniya." Yau wata huɗu ke nan, kawuna ya je maganar sa rana sau biyu, ana ce masa a ƙara haƙuri. Bilkisu kuwa in na kira, dariya take fara yi kafin ta amsa sallama.

Na dai koyi abu guda, ko da ya zo a makare: kafin ka tara jama'a ka ce rijiyar mutum ta ƙafe, fara duba gindin guganka.