Rasuwar Ba-Gaggawa, Keken Dogara Wanzami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har ta rasa inda za ta zuba sauran, Dogara wanzami na Kurmin Sarki, a nan garin Abuja, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk gidan da ya taɓa shiga da zabira, rasuwar kekensa Ba-Gaggawa. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi, a gindin wata gangara can gaba da Tafa, yana da shekara goma sha ɗaya a gidan su Dogara, ban da waɗanda ya yi a hannun wani masinja kafin nan. Bai rasu a bakin aiki ba, bai kuma rasu a ƙarƙashin mai shi ba. A hannun aro ya cika, wurin yawon shan iska.

Duk wanda ya san marigayi ya san bai ci sunan banza ba. Bai taɓa tsere da kowa ba. Jaki ya sha wuce shi a hanyar Gauraka, bai ji haushi ba. Amma bai taɓa makara ba, kuma nan ne darajarsa take. Gida ashirin da uku mahaifin Dogara ya bar masa, daga cikin gari har Tafa, gidajen da ba wanda ke yi wa jaririnsu askin suna sai wanzamin gidan nan. Askin suna kuwa da fitowar rana ake yin sa. In wanzami bai iso ba, ba a jira da rago a ɗaure da baƙi a zaune, sai a kira wani, kuma wanda aka kira ran nan shi ne na gidan har jikoki. Shekara goma sha ɗaya marigayi bai bar gida ko ɗaya ya kuɓuce ba.

Mai kunya ne. In ya doshi taron dattawa, ƙararrawarsa ba ta wuce "ƙirin" ɗaya, a hankali, kamar mai neman izini. In hawa ya yi masa tsawo sai ka ji sarƙarsa tana "ƙyas, ƙyas, ƙyas", ita ce iyakar ƙorafinsa. Ba shi da tsada wajen ci: man gyaɗa a gashin kaza ranar Juma'a, iska safe da yamma. Faci tara ne a tayarsa ta baya, bai taɓa ɓoye ko ɗaya ba.

Ciwo ɗaya gare shi, na tsufa. Birkin baya ya daɗe da yin murabus. Na gaba kuwa ba ya sanin sannu, in ka taɓa shi cak yake kamawa. Saboda haka ba a saukar gangara a kansa. Sauka ake yi, a riƙe shi a kafaɗa ɗaya, a taka tare kamar abokai. Wannan kaɗai ya roƙa a duniya.

Ga yadda ajali ya zo. Wani ƙaramin Bature a ofishin Joji ya nuna wa malaman En'e hotuna a wata takarda ta ƙasarsu. Wai can, in mutane sun gaji da hutawa a gida, sai su haɗu su hau kekuna su yi ta zaga tafkuna, in sun iso inda ruwan ɗumi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa su shiga su jiƙa jikinsu don lafiya. Ba saƙo suke kaiwa ba, ba suna za su ba, ba gaisuwar mutuwa ba. Tafiya kawai, a je a dawo. Malamai shida suka ga wannan suka ce su ma ba a bar su a baya ba. Suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Masu Shan Iska, suka ɗinka gajerun wanduna, suka sayi dogayen safa, manya da gemunsu, gwiwa a waje. Suka tambayi mafarauta inda tafki da ruwan ɗumi suke, aka yi musu kwatance, kwana uku zuwa da dawowa.

Shugaban tafiyar shi ne Babban Akawu. Dogara ba zai iya rubuta sunansa ba, don shi ya haifi Asama'u matarsa. Kada wani ya ɗauka bawan Allahn nan ba shi da keke. Yana da shi, sabo fil, yana rataye a zaurensa da takardar kanti har yanzu a jikin sirdi. Sai dai an ce hanyar akwai duwatsu, shi kuwa sabon keke ba a saya shi don duwatsu ba.

Malam Bamalli duba-gari, ɗaya daga cikin shidan, shi aka aiko. Ya tarar da Dogara yana wasa aska.

"Wanzam, surukinka ya ce a karɓo masa keke. Kwana uku kacal."

Dogara ya dubi ƙasa ya ce, "To." Wace amsa ce ban da ita? Mutumin da in ka hango shi a hanya kake cire takalmi ka ratse lungu, shi za ka aika wa da a'a? Ya dai yi ƙarfin hali ya ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, a gaya masa kada ya taɓa birkin gaba a gangara. Ya sauka ya tura."

Malam Bamalli ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ni? In ce wa Babban Akawu ya sauka ya tura keke, a gaban yaransa na ofis? So kake a mayar da ni leƙa masai a ƙauye? Kai ka je ka gaya masa."

Ya san Dogara ba zai je ba. Dogara ya shiga gida ya sami Asama'u. "Ke, don Allah ki je gida ki ce da shi kada ya taɓa birkin gaba. In ya ga gangara ya sauka."

Ta ce, "Ka manta ni ce ta fari? Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. In na shiga ta ƙofa, ta baya yake fita. Sai dai in gaya wa Goggo Luba."

Goggo Luba ƙanwarsa ce, ita kaɗai ke iya zama a tabarma ɗaya da shi. Ta karɓi saƙo cikakke, ta ɗauke shi har zaure. Da ta ga yayanta tsaye cikin gajeren wando, da hular kwano irin ta Joji, ana ɗaura masa gorar shayi a kariyar bayan keken, sai ta auna maganar a bakinta ta ji ta yi nauyi. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, yaron nan ya ce a gaishe ka, Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce, "Amin. Yana da hankali."

Iyakar abin da ya isa ke nan.

Sauran labarin daga bakin Malam Bamalli aka ji. Ranar farko sun kai tafki. Shanu suka tarar a ciki har ƙirji, makiyayin ya tambaye su ko wani abu ya ɓace musu. Suka zauna a baki suka sha shayi, sauro ya sha su. Rana ta biyu sun kai ruwan ɗumin da ake faɗa. Wani ɗan gurbi ne da matan ƙauyen ke jiƙa rogo a ciki. Aka roƙe su suka kwashe rogonsu, malamai shida suka shiga bi da bi, don ba ya cin mutum biyu, matan suna tsaye daga nesa suna jira a gama su mayar. Babban Akawu ya fito ya ce lalle ya ji sauƙin gwiwa. Ana duk wannan, marigayi yana jingine a jikin kanya, ba wanda ya ɗiga masa mai, ba wanda ya duba iskarsa. Nauyin da yake ɗauka ya ninka na Dogara da zabirarsa, bai ce komai ba sai "ƙyas, ƙyas".

Rana ta uku, a hanyar dawowa, suka iso gangarar. Biyar suka rage gudu. Babban Akawu ya ce a hoton da ya gani, a gangara ake sakin keke. Ya saki. Da ya ga rafi na tahowa ya matse birkin baya, shiru. Ya matse na gaba. Marigayi ya yi abin da aka umarce shi, kamar kullum, ya tsaya cak. Mahayin ne bai tsaya ba. Allah ya taimaka ya sauka a cikin taɓo mai laushi, ba abin da ya same shi sai hula da ta bi ruwa. Shi kuwa Ba-Gaggawa dutse ya samu. Malam Bamalli ya ce ƙararrawar ta yi ta kaɗawa ita kaɗai, "ƙirrrrin", doguwa, irin wadda bai taɓa yi ba a rayuwarsa, sannan ta yi shiru.

A kan ɗan dako aka dawo da shi, kashi biyu. Ba saƙo, ba sannu. Aka kai shi wurin Ummaru maƙeri, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya goge hannu a walki.

"Dogara, ƙashin baya ya karye, wuya ya karye. Ni garma nake ƙerawa, ba na tayar da matacce. Wa ya hau shi haka?"

Dogara ya dubi ƙasa.

"Af," in ji Ummaru. "To, Allah ya ba ka haƙuri biyu."

Marigayi ya bar famfo ɗaya, wanda ba ya tare da shi a tafiyar don an ce zai ɓata wa ƙungiya tsari. Ya bar sirdi da ya lotsa daidai jikin Dogara, ba zai dace da kowa ba. Ya bar tayar baya da facinta tara, lafiya lau, ko sacewa ba ta yi ba. Ya bar Asama'u, wadda tun ran nan take zuba wa mijinta tuwo ba ta ɗaga ido, alhali ba ita ta hau ba. Ya bar Goggo Luba, da ta zo ta zauna a tsakar gida ta ce, "Ɗan nan, da bakina ya yi ƙarfi," ba ta ƙarasa ba. Ya kuma bar gida ashirin da biyu. Na ashirin da ukun ya bi shi ranar Talata: suna ne a Gauraka, Dogara ya taka da ƙafa, ya iso ya tarar da jariri kansa tas, wani wanzami yana naɗe cinyar rago a ganye. Maigidan ya ce, "Mun jira ka fa." Gaskiya ya faɗa. Mahaifin Dogara ne ya yi wa shi maigidan askin suna.

Ƙungiyar Masu Shan Iska kuwa duk suna nan da ransu. An ji sun rubuta rahoton tafiya da Turanci, an kai wa ƙaramin Bature, ya ce madalla. An ce a ciki an ambaci tafki, an ambaci ruwan ɗumi, an ambaci hula.

Game da jana'iza, an tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma Dogara ya ji tsoron Allah. Dogara ya karɓa. Saboda haka ranar Laraba bayan la'asar za a wanke marigayi da toka da tsumma, a shafa masa man gyaɗa na ƙarshe, a kai shi maƙerar Ummaru, inda za a fitar da lauje biyu da fartanya daga jikinsa, ya ci gaba da aikin da ke da amfani. Za a karɓi gaisuwa a gindin ɗorawar ƙofar gida har magariba. Ba za a yi zaman kwana uku ba, don akwai suna a Tafa ranar Juma'a, kuma mai tafiya a ƙasa tun Alhamis yake kama hanya. 'Yan ƙungiya da ke son zuwa ana roƙonsu su sa dogon wando, akwai dattawa. Babban Akawu an ɗauke masa zuwa, don in ya zo, mai makokin ne zai tashi ya ɓuya.

Saura magana ɗaya. Jiya Malam Bamalli ya sake sallama. Wai ƙungiya za ta fita a hutun Kirsimeti, wannan karon kwana biyar, kuma Babban Akawu yana tambaya ko an gyara keken. Dogara ya dubi ƙasa, bakinsa ya ɗauko "to", sai ya haɗiye. Ya ce za a ga amsa a rubuce. Ga ta, an manna a bakin kasuwa inda kowa ke wucewa, ba sai an ba wani ya kai ba, balle ta rage a hanya: ba a gyara ba, ba za a gyara ba. Abin hawan da ya rage wa Dogara ƙafafu biyu ne, su kuma, tare da dukkan girmamawa, ba a ba da su aro.