Wilin Yaya da Soson Tukunya

Da yayana ya bar mini motarsa ya tafi Jos, na rantse in ya dawo ba zai gane ta ba. Na dubi wilin tayoyin, na ce ai da shi da tukunya duk dalma ce. Na ɗauko soson ƙarfe da tokar da matata ke goge tukwane.

Ta ce, "Baban Amira, anya kuwa?"

Na ce, "Ke dai naki ido."

Ashe wani siririn fenti marar launi ke ba shi sheƙi. Na kankare shi tas, wili ya fito dabbare-dabbare kamar mai kyasbi. Da Yaya ya dawo, ya daɗe tsugune yana kallon wilin.

Har yau, da an watse biki a gidanmu na Ƙofar Dumi, sai ya nuna tukwane, ya dube ni ya ce, "A kai wa Injiniya."