Sabuwar Ƙofar Motar Baba

Yaya Sani ya ce a sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar motar marigayi Baba, na ce sai dai bayan raina. Ƙofar direba ce kawai tsatsa ta cinye.

Na ƙi zuwa wajen masu fanalbita na Sabon Gari, wai ni ɗan zamani. Na samo wani kamfani a intanet mai ƙera ƙarfe daidai da hoton da ka tura masa. Na ɗauki siffar ƙofar da waya ta kowace kusurwa, har na gargaɗe su kada su canza komai.

Ba su canza ba. Ranar da aka kawo, 'yan layinmu suka taru. Na buɗe kwali, sai ga ƙofa sabuwa fil, har da lotsawar da Baba ya yi mata a shataletalen Bata tun muna yara.

Yaya ya shafa wurin ya ce, "Sannu Injiniya. Hatsari ka yo mana oda."

An sayar da motar, ƙofar tana zaure. Har yau duk wanda ya buga motarsa, sai a ce masa, "Je wajen Injiniya, yana da sabuwa irinta."