Irin da Bai Tsiro Ba

Ba zan taɓa mantawa da wannan damina ba, kuma ko na so in manta, mutanen Fassi ba za su bar ni ba.

Ni manomi ne a Saji. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a wancan lokacin ina da suna guda da nake ji da shi: an san ni da sanin iri. Idan aka ɗebo wake aka zuba mini a tafin hannu, zan faɗa maka wanda zai yi yaɗo da wanda zai yi 'ya'ya. Har daga wasu ƙauyuka akan zo neman shawarata. (Yanzu na gane yabon ya ɗan hau mini kai.)

Shekarun farkon dawowar mulkin farar hula ne, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa kunnensa na jikin rediyo. Kafin in tafi ci-rani a waccan shekarar, wani malamin gona ya yi mini alkawarin zai aiko mini da sabon irin wake. Na tafi da maganar a raina, na dawo da ita.

Ranar da na dawo, matata Asabe, Allah Ya jiƙanta, ta kawo mini abinci ta zauna gefe. Ta ce, "Malam, akwai wata 'yar sana'a da na fara da wake bayan tafiyarka." Ta yi bayani mai tsawo. Ni kuwa ana muhawara a rediyo kan 'yan majalisa, sai nake ta cewa "to, madalla" a inda ya dace da inda bai dace ba. Bayan kwana kaɗan ta tafi Fassi gidan iyayenta, saboda ƙanwarta ta zo gida haihuwar fari.

Da ruwa ya zauna, na shiga ɗakin ajiya na tarar da wani buhu a ɗaure tsaf, an ɗora shi kan duwatsu don kada ya ja danshi. Na kwance. Wake ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ɗan yi duhu, fatarsa ta ɗan tattare, yana ƙyalli, ga shi babu ƙwaro ko ɗaya a ciki. Na ce a raina, malamin gona ya cika alkawari. Na ajiye nawa irin da na adana cikin toka, na shuke gonata kaf da wannan tsakanin dawa.

Da a nan na tsaya, da ni da Allah kaɗai muka sani. Amma sai na ɗebi sauran na ɗaura a keke na kai wa surukina, Malam Idi, a gonarsa ta Fassi. Na durƙusa na ce, "Baba, wannan sabon iri ne, ko a Rano ba kowa ya samu ba. Ƙwaro ma tsoronsa yake." Ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Ni dai kamarsa ba ta kwanta mini ba, amma kai ne masani." Ya shuka babbar gonarsa, ya ajiye ragowar a ƙwarya.

Aka yi ruwa, aka sake yi. Waken maƙwabta ya fito ya buɗe ganye, nawa shiru. Na ɗora wa ɓeraye laifi. Na ɗora wa tsuntsaye. Na tona rami ɗaya na ga waken ya kumbura ya ruɓe, na ce ai ruwa ne ya yi masa yawa.

Ranar suna na je Fassi. Bayan an yi addu'a an raba goro, maza suka zauna a ƙofar zaure, hira ta koma kan gona. Malam Idi, mutum ne mai kawaici, ya dube ni ya ce, "Irin nan naka fa har yanzu bai ce komai ba."

Na gyara zama. Na ce, "Baba, haka irin zamani yake. Sai ya fara kafa saiwa a ƙasa tukuna, sannan ya fito gaba ɗaya." (Wallahi ban san inda na samo wannan ba.) Aka fito da ƙwaryar, aka zagaya da ita hannu zuwa hannu, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, sannan aka mayar da ita cikin gida.

Ashe a cikin gida abinci ya kasa, domin baƙi sun fi yadda aka zata. Ba mu gama musu kan saiwar ba, sai ga faranti an fito da shi, wake da shinkafa, da man gyaɗa da yaji. Aka ce waken ƙwaryar nan ne. Mutane suka yi mamaki. Wanda ya san wake ya san sai ka ƙone itace ka ƙara da kanwa kafin ya yi laushi. Wani dattijo ya ɗanɗana ya ce luguf yake.

Ni ba na ci a gaban suruki, don haka bakina ba shi da aikin yi sai magana. Na ce, "Kun gani ko? Wannan ɗaya ne daga cikin amfaninsa."

Sai muka ji murya daga bakin zaure. Kakar Asabe ce, Iya Tabawa, wadda kullum take tsokanata tana ce mini mijinta. Ta dogara sanda ta ce, "Ina angon nawa, sarkin noma?"

Na ce, "Ga ni, Iya."

Ta ce, "An ce kai ka kawo wa Idi wannan ya shuka?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "To, baɗi ka kawo masa tuwo ya shuka, ko Allah zai sa mu huta da daka. Dafaffe ne, maigida. Matarka ce ta dafa shi ta shanya."

Babu wanda ya yi dariya da farko, saboda Malam Idi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya kai hannun riga bakinsa, kafaɗunsa na rawa. Da aka ga haka, sai kowa ya saki. Wani ya ce in haƙura, saiwa yake kafawa. Na dubi ƙasa ina neman ramin shuka in shige.

Sai a hanyar komawa gida na saurari bayanin da aka yi mini tun ranar da na dawo. Asabe ta lura matan Rano ba sa samun zaman tsaron tukunya kamar da. Wasu malaman makaranta ne, wasu suna aiki a asibiti, wasu kuma sun shiga Islamiyyar matan aure da aka yi ta buɗewa a lokacin. Kananzir ya yi wuya, itace ya yi tsada, yara kuma suna son wake. Sai ta riƙa tsince shi, ta jiƙa, ta dafa har ya kusa nuna, ta shanya a zafin bazara ya bushe ƙayau. Mace ta dawo daga aiki, ta zuba a ruwan zafi tare da shinkafa, su nuna lokaci guda. Buhun da na shuke, na matan da suka riga suka yi mata magana ne.

Ba ta yi mini gori ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ai na faɗa maka, ka ce madalla."

Na kwashi irina na cikin toka na koma Fassi, na sake shuke gonar Malam Idi da hannuna. Bai ishi tawa ba. A shekarar, ni da aka sani da iri, ban ga furen wake a gonata ba, kuma babu wanda ya ƙara zuwa neman shawarata.

Amma labarin ya yi tafiya. Daga Fassi ya shiga Kibiya, ya kai kasuwar Rano. Duk wanda ya gama yi mini dariya sai ya tambaya, "Wai da gaske nan da nan yake nuna?" Matan da ba su taɓa jin sunan Asabe ba suka fara aiko 'yan acaɓa Saji. Tabarmar shanya ɗaya ta zama uku, har maƙwabta suka shigo aikin tsinta. Ni ne mai sayo wake, ni ne mai kai kaya. Sunana ya tashi daga masanin iri ya koma mijin mai wake. Da farko yana yi mini ciwo. Daga baya, in aka kira ni da shi a kasuwa, da ƙarfi nake amsawa.

Bara waccan Asabe ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba. 'Yarmu ce ke riƙe da sana'ar yanzu, da tukunyar uwarta, kuma har yau waken Asabe ake ce masa. Ranar sadakar bakwai wata malamar asibiti ta ce mini waken Asabe ne ya raini 'ya'yanta. Na yi mata godiya, na juya na ba ta baya na ɗan lokaci.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka shuka iri, ciji ƙwaya ɗaya tukuna. In kuma matarka ta zauna gefenka ta ce tana da magana, kashe rediyon. 'Yan majalisa suna nan har gobe, ita ce ba lallai ba.