Rasuwar Kaka, Injin da Bai Taɓa Kunna Ƙwai Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, Orest Hrynkiw, shugaban masu gyara a tashar karɓar wutar lantarki da ke kudancin lardin Manitoba, yana sanar da rasuwar inji mai lamba uku, wadda kowa ya sani da Kaka. Ta cika wata Talata da hantsi, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiya ba ta taɓa samar da wutar kunna ƙwan lantarki ɗaya ba, kuma ba ta ji kunyar haka ba. Wuta takan taso daga madatsun ruwan arewa ta miƙo sak, sai a tashar nan a juya ta ta zama mai kai da komo irin ta gidaje. Wurin juyin nan wuta ke da gardama. Aikin Kaka kawai ta yi ta juyawa da nauyinta, in layin wuta ya girgiza ta riƙe shi kafin na'urori su farga. Mutanen yanzu ba sa ganin irin wannan aiki don ba ya ƙyalli. Su dai a ba su allon kwamfuta.

Ba ta da surutu. Maganarta ɗaya ce, "Mmmmm," rani da hunturu. A watan Satumba maganar ta koma "Mmm-gar, mmm-gar." Orest ya kai ƙara wurin injiniyar tashar, Delphine Beaudry.

"Allo ya ce lafiyarta ƙalau, dattijo," in ji ta.

"Allon naki kunne gare shi?"

"To kai naka kunnen ba na'ura likita ya ce a sa masa ba?"

Bayan mako biyu aka buɗe ciki, aka tarar sandar da take juyawa a kai ta tsage. Da aka yanke mata wuta ba ta faɗi warwas kamar kayan zamani ba. Minti hamsin ta yi tana rage gudu cikin mutunci, ma'aikata tsaye hula a hannu, sannan ta ce "ƙit," ta yi shiru.

Ta bar 'yan'uwa uku, lamba ɗaya, biyu da huɗu, suna ɗauke da kayanta ba ƙorafi. Ta bar magaji, wani akwatin lantarki da aka koya wa kwaikwayon nauyi alhali ba shi da shi. Ta kuma bar Orest, wanda sai ya sa hannu cewa ba ta gyaruwa kafin a kafa magajin. Mako uku takardar na aljihunsa.

Jiya Delphine ta dire masa kofi a gaba. "Da ma na saurare ka tun farko. Amma hunturu ya ƙarato, dattijo, kuma ukun nan ba za su iya su kaɗai ba. Gidajen mutane fa?"

Ya zaro takardar daga aljihu. Ya sa hannu.

Ba za a fitar da gawa ba sai Janairu, in ƙasa ta daskare yadda hanya za ta ɗauki nauyinta. Ran nan za a taru a zauren injuna ƙarfe goma na safe. Akwai burodi da cuku da kofi, ba jawabi. Duk wanda ya ce ai ƙarfe ne kawai, ya zo da safar hannu mai kauri, don shi zai kwance kusoshin ƙofar da za a fitar da gawar cikin ƙanƙara, guda tamanin ne.