Ustaz Khalfan da Takobi Mai Ladabi

Duk ƙasar Oman, daga bakin teku har bayan duwatsu, babu wanda ya san takobi kamar Ustaz Khalfan bin Darwish. Wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakinsa aka ji ta, kuma ya maimaita ta a gidan biki, a gidan makoki, har a layin sayen burodi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani ofishi a Nizwa yana buga hatimi a takardun awon manyan motoci. Allah ya ba shi hannu. In ya ɗaga hatimin nan ya sauke, sai teburin ya amsa. Da ya ajiye aiki ya dawo ƙauye, sai ya ga hannu irin wannan bai kamata ya zauna banza ba. Ya je gidan adana kayan tarihi a Maskat, ya tsaya awa biyu cur gaban wani akwatin gilashi mai takubba a ciki. Ya dawo gida da gilashin ƙara girman abu, da littafin rubutu mai baƙin bango, da ilimin da ba ya ƙarewa.

Tun daga ranar ƙarfe bai sake hutawa a garinmu ba. Laujen yankan dabino, wuƙar mahauci, abin yanke farce, duk sai ya kara musu gilashi ya girgiza kai. A gabansa ana ce masa Ustaz. In ya juya baya matasa su ce Sare-Iska, saboda ba ya iya bayani sai ya ɗaga sandarsa ya kai wa iska sara, kuma iska ba ta taɓa ramawa ba. Takobi na gaske kam bai taɓa zare shi daga kube ba, amma wannan ƙaramin abu ne. Shi a wajensa taɓa abu aikin masu ƙaramin sani ne.

Ana saura wata guda babbar salla, mai gari Shaikh Hamud ya tara dattawa. Takubban da ake rawar razha da su, wato rawar takobi ta gargajiya, sun tsufa, wasu sun tsage, ga shi mutanen ƙauyen ƙetaren kwari za su zo da 'yan rawarsu. Bara sun yi wa garin dariya. Bana ana so a yi sababbi goma sha biyu irin na kakanni, waɗanda in an kaɗa su suke rawa a hannu suna kuka.

Mutum biyu suka nemi aikin. Na farko Ubaid maƙeri, tsoho marar yawan magana, wanda maƙerarsa ce ta ƙarshe da ta rage a kwarin. Ya riga ya faɗa wa maƙwabta cewa in garinsa ma ya sayi takobi daga waje, zai kashe wuta ya rataye zugazugai, ya koma wajen 'yarsa a Sohar ya zauna yana kallon teku. Na biyu Jum'a, wani ɗan kasuwa daga Matrah, mai ƙamshin turare da takubba masu ƙyalli, ƙotarsu ruwan zinariya, jikinsu duk rubutu.

Wa zai raba gardama? Kafin mai gari ya rufe baki Ustaz Khalfan ya miƙe, ya ce bai so ba, amma ba zai iya ɓoye baiwar da Allah ya yi masa ba. Dattawa suka dubi juna. Babu wanda ke da ƙarfin sauraron abin da zai biyo baya in aka hana shi, sai aka ba shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zauren gari. Aka kawo gahawa da dabino, aka ajiye babbar tasar alewa gaban mai gari. Ustaz ya iso a makare kamar yadda ya kamaci manya, rawaninsa a naɗe tsaf, gemunsa ya sha mai da mataji, ya sauko har ƙirji. Jum'a ya taso da gudu ya kama hannunsa biyu.

“Marhaban da Dakta! Wallahi har Matrah ana labarinka.”

Ba a taɓa kiransa Dakta ba. Ya ji kalmar ta shiga kunnensa ta gangara ta zauna a ƙirji, da ɗumi. Ubaid kuwa cewa ya yi kawai, “Sannu da zuwa, Abu Mazin,” wato baban Mazin, kamar yana gaida mai sayar da kifi. Ustaz ya buɗe littafinsa ya rubuta wani abu.

“Jama'a,” in ji shi, “takobi abu uku ne. Lanƙwasa, kaifi, juriya. Jahili yana ganin ƙarfe, ni ina ganin hali. Akwai takubban da na duba a rayuwata suka ji kunya.”

Aka fara da lanƙwasa. Ya karɓi takobin Ubaid, ya kafa tsininsa a ƙasa, ya danna ƙota da duk nauyinsa har ruwan takobin ya zama baka. Sai ya sunkuya da gilashi don ya ga hali. Tsinin ya kuɓuce. Takobin ya miƙe fyau, ya doki rawanin Ustaz ya jefa shi cikin magudanar ruwan gonaki, sannan ya tsaya a miƙe sak yana rawa yana kuka siriri. Tsofaffin 'yan rawa suka yi kabbara, domin wannan kukan suke nema.

Ustaz ya shafa sanƙonsa, wanda rabin garin bai san da shi ba sai ranar. Wani ya tsamo rawanin ya miƙa masa yana ɗiga. Ya ɗora shi a haka.

Ya ɗauki na Jum'a ya danna. Wannan ya lanƙwashe cikin sauƙi, da aka ɗaga shi kuma ya zauna a lanƙwashe kamar lauje. Jum'a ya soma duban hanyar da motarsa take.

“Kun gani?” in ji Ustaz, ya ɗaga shi sama. “Wannan shi ne takobi mai ladabi. Inda ka ajiye shi nan yake tsayawa. Wancan kuwa taurin kai gare shi. Ka lanƙwasa shi ya ƙi, har ya ɗaga wa babba hannu. Ƙarfen da bai san na gaba da shi ba, ina amfaninsa?”

Jum'a ya dawo da numfashinsa. Ya sa gwiwa ya miƙar da takobin, ya ce, “Ilimi, Dakta, ilimi!”

Sai kaifi. Ustaz ya sa aka kawo kankana biyu. Ubaid ya yi gyaran murya ya ce, “Abu Mazin, takobin rawa ba a wasa shi. Mutane kafaɗa da kafaɗa suke, ana jefa shi sama ana cafewa.”

“Baffa Ubaid, kai ka ƙera, ni in fahimta. Kowa da aikinsa.”

Ya kai wa kankanar farko sara da takobin maƙeri. Ta fashe, ta watsa wa sahun gaba ruwa da 'ya'ya. Ya girgiza kai cikin baƙin ciki, ya ce wannan ba yanka ba ne, duka ne. Da ya ɗauki na Jum'a kuwa, wanda aka wasa shi kamar aska don ya burge masu saye, sai ya ce kankana ta yi masa kaɗan. Masana na gaske da gashi ɗaya suke gwaji.

Ya kama gemunsa da hagu, ya ware abin da yake zaton gashi ɗaya ne, ya ɗaga kai sama don jama'a su gani da kyau, ya ja takobin a hankali. Ya ji wani sanyi a haɓarsa ta dama. Da ya sauke ido sai ya ga rabin gemun a hannunsa, gemun da ya yi shekara ashirin yana kiwo.

Mai gari ya cusa dabino biyu a baki lokaci guda don kada wani abu ya fito. Wani tsoho ya tashi ya zagaya bayan zaure, aka jiyo shi yana tari mai kama da kuka.

Ustaz ya dubi gashin. Zuciyarsa ta karye, amma muryarsa ba ta karye ba. Ya cusa shi a aljihu.

“Da gangan na yi,” ya ce. “Gashi ɗaya ana iya cewa sa'a ce. Yanzu wa zai yi musu?”

Babu wanda ya yi musu.

Saura juriya. Aka nufi wani busasshen kututturen dabino a gefen fili. Ustaz ya naɗe hannun riga ya soma da takobin Ubaid, kuma ya yi niyyar ya karya shi. Ya sara, ya sara, ya ƙara. A sara na goma kafaɗarsa ta riƙe, gumi ya haɗu da ruwan rawani yana gangarowa ta gefen da babu gemu. Takobin ko gezau. Ubaid ya karɓa ya shafe shi da gefen riga ya mayar cikin kube.

“Ya jure,” in ji Ustaz yana haki, “amma da ƙyar. Ni na ji shi.”

Ya ɗauki takobi mai ladabi. Ya gyara tsayuwa yadda ya ga wani mutum-mutumi ya tsaya a Maskat, ya ɗaga hannu har baya, ya kawo sara da ƙarfin shekara talatin da ɗaya na buga hatimi. Hannun ya sauko da sauƙin da ya ba shi mamaki. Kututturen bai ji komai ba. Ruwan takobin ya riga ya bar ƙota tun a sama, ya tashi yana juyi yana ƙyalli, ya wuce kan liman, ya sauko tsaye cikin tasar alewa, tsakanin gwiwoyin mai gari.

Shaikh Hamud ya dubi ƙarfen da ke tsaye a gabansa. Ya dubi gwiwarsa ta dama, ya dubi ta hagu. Abin da ya haɗa ruwan da ƙota wani siririn ƙarfe ne da bai kai ƙusa kauri ba.

Ustaz na tsaye da ƙota a hannu. Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Shi kuwa gyaran murya ya yi.

“Allahu Akbar. Jama'a, kun ga abin da ba a taɓa gani ba. Takobi mai cin dogon zango! Kana nan tsaye, shi ya riga ka isa wajen abokin gaba. Na yanke hukunci. Takobin Jum'a ne na ɗaya.”

Ubaid ya soma naɗe takubbansa cikin buhu, a hankali, kamar mai naɗe gawa. A nan dariyar ta tsaya wa mutane a wuya.

Mai gari ya zare ƙarfen daga alewa, ya lashe yatsansa.

“Mun ji, Abu Mazin, kuma mun karɓa. Sai dai ka san al'ada. Sabon takobi, wanda ya zaɓe shi ne yake fara tsayawa gabansa a fili. Jum'a, kawo wani daga mota. Ubaid, kai za ka kaɗa. A ba Ustaz garkuwa.”

Babu wanda ya taɓa jin wannan al'ada, amma nan take dattawa shida suka tuna da ita. Aka buga ganga. Aka danƙa wa Ustaz garkuwar rawa, wadda faɗinta bai wuce faranti ba. Ubaid ya ajiye buhunsa, ya karɓi sabon takobin Jum'a mai kaifin aska, ya tsaya taku huɗu daga gare shi, ya soma juya shi sama da kai. Ƙotar tana ƙara, ƙwas, ƙwas.

Ustaz ya kare fuska, sai ya tuna da ciki. Ya kare ciki, sai ya tuna da wuya. Ya ja da baya, sahun mutane ya tare shi. Ubaid ya matso taku ɗaya.

“Dakata!” Muryar ta fito siririya, ya sake ta da kauri. “Dakata, Baffa. Alhamdu lillahi, kun ci jarrabawa. Wannan shi ne gwaji na huɗu, wanda ban faɗa muku ba. So nake in ga ko mutanen garin nan za a iya ruɗarsu da ƙyalli. Takobin Ubaid ne na ɗaya. Tun da na shigo na gani.”

Aka yi sowa. Mai gari ya kama hannun maƙeri ya ba shi aikin a gaban kowa, Ubaid ya ce gobe da sassafe zai hura wuta. Jum'a ya kwashe kayansa ya wuce ta gaban alƙali ba sallama, ba Dakta.

A gida, matarsa Zuwaina ta zaunar da shi a tsakar gida tun da sauran haske, ta ɗauko almakashi don ta daidaita abin da ya rage. Ta rage hagu, dama ta fi. Ta ƙara ragewa. Yana zaune yana ba ta labarin yadda ya ceci garin daga hannun ɗan damfara, tana cewa to, tana yanka, har gemun ya koma ɗan tsiro irin na bunsuru.

Ya dubi madubi ya daɗe. Sannan ya miƙa hannu.

“Laifin almakashin nan ne. Kawo in duba halinsa.”

Zuwaina ta jefa almakashin cikin aljihunta. Ta shiga kicin ta fito da cokalin shayi, ta ɗora masa a tafin hannu.

“Fara da wannan, Abu Mazin. In an kwana biyu ba ka ji ciwo ba, sai in ba ka na miya.”