Tauraro Ɗaya Daga Hannun Kaka Marlys

"Ina kwana, Kaka. Kin tashi lafiya?"

"Lafiyata ƙalau kafin in hango motarka. Goge ƙafa, yanzu na wanke daɓen nan. Wa ya mutu?"

"Ni na mutu, ke kuma kika kashe ni. Na zo ki ga gawar ne kafin a binne."

"To gawa ta shigo ta rufe min ƙofa, ƙudaje na shigowa."

Brent ke nan da kakarsa Marlys, ranar Asabar da hantsi, a ƙofar kicin ɗinta da ke Fergus Falls, cikin Satumbar 1999. Tuƙin awa uku ya yi daga Minneapolis ko karyawa bai yi ba, kuma kada wani ya ɗauka kewar tsohuwar ce ta taso shi. Wata takwas ya shafe yana haɗa wata 'yar manhaja mai buga takardar da ake manna wa kwalba, sunan abin da ke ciki da ranar da aka rufe shi. Ya ɗora ta a shafin da ake sauke irin waɗannan ƙananan manhajoji, mutum ya gwada kwana talatin kyauta, in ta yi masa ya saya. Mutum shida suka gwada suka yaba. Sai ga ta bakwai da tauraro ɗaya tal, ta janyo makinsa ƙasa da huɗu. Ranar Litinin kuma wata mujallar kwamfuta za ta zaɓi manhajojin da za ta zuba a faifan da take rabawa, kuma duk wadda ba ta kai tauraro huɗu ba, ko kallo ba ta ishe su ba. Wannan faifan shi ne duk burin Brent a duniya.

Mai tauraro ɗayan ko wahalar ɓoye suna ba ta yi ba. Marlys1926 ta sa, ƙiri-ƙiri.

Ya zaro takarda daga aljihu ya karanta mata abin da ta rubuta, yana jan kowace kalma: "Wannan manhaja ba ta san ranar da ake ciki ba. Wanda ya yi ta ya koma makaranta."

"Ashe ka iya karatu. To an rage."

"Ni zan koma makaranta? Kina wurin aka yi bikin gama karatuna. A layin gaba kika zauna kina minshari."

"Shi ya sa nake da shakka. Ban ga lokacin da aka miƙa maka takardar ba."

"Kaka, jikanki ne fa ni."

"A shafin nan ba ni da jika. Zauna ka sha kofi, ka rame kamar tsinken sakace."

Duk wanda ya san Marlys ya san ba da wasa take ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofishin makarantar sakandare, ba ta taɓa barin kuskure ya wuce ta gabanta ba, ko na shugaban makaranta ne. Da ta yi ritaya sai ta juye wannan halin kacokan a kan masu ƙananan manhajoji, bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ba abin da ba ta saukewa, ba kuma wanda ya tsira daga bakinta. Kyanwar da ke yawo a kan allo tauraro biyu ta samu, wai ba ta taɓa kama komai ba. Kifayen da ke iyo idan an bar kwamfuta sun samu uku, an zaftare musu biyu saboda ɗayansu yana kama da wani maƙwabcinta. Wasan kati ya samu huɗu, shi ma don yana bari ta ci. Biyar kuwa, ba a haifi wanda zai gan ta ba.

Tana zuba masa kofi tana zayyana laifinsa. Kwalba arba'in na kokwamba mai tsami ta rufe a ƙarshen Agusta, ta buga musu takardu da manhajarsa, ta kai kasuwar da matan coci ke ci duk shekara. Sai da ta gama jera su a tebur sannan Arlene Tollefson, wadda suka yi shekara ashirin suna gasar kokwamba, ta ɗaga kwalba ɗaya ta gyara tabarau, ta tambaya da ƙarfi ko na ci ne ko na kaiwa gidan tarihi. Kowace takarda Maris 1997 ta ce.

"Maris, Brent. Wa ke da kokwamba a Maris a Minnesota? Ƙanƙara zan tsinka?"

"Na yi kwana bakwai ina neman kuskuren nan. A kwamfuta biyar na gwada, duk daidai take bugawa."

"To kwamfutocin ma 'yan'uwanka ne, suna rufa maka asiri."

"Ko dai idonki ne? Ke da kika taɓa gaida akwatin wasiƙu kika tambaye shi iyali."

"Ya fi ka amsa gaisuwa. Tashi mu je ka ga abin kunyarka da idonka."

Kwamfutar na ɗakin ɗinki, tsakanin keke da tarin ƙyallaye. Brent ya zauna, ya ture kyanwar allo gefe da linzamin kwamfuta, ya buɗe manhajarsa ya danna. Firinta ta yi ta gurnani kamar za ta haihu, ta turo takarda. Sha biyar ga Maris, 1997. Abin ya ba shi mamaki, don har ga Allah ya zo ne da yaƙinin tsohuwar ce ta danna wani abu ba daidai ba. Marlys na tsaye a bayansa ta harɗe hannu, daɗi kamar ya kashe ta.

Yana cikin dafe kai idonsa ya sauka a kan ɗan agogon da ke kusurwar allo. Ya kai linzami kansa. Asabar, sha biyar ga Maris, 1997.

Ya juyo a hankali.

"Kaka. Yau wace rana ce a gidan nan?"

"Ɗauke hannunka daga agogona."

"Kwamfutarki ce ke cewa muna 1997. Manhajata ita take tambaya kwanan wata. Abin da aka gaya mata ta buga."

"To laifin wa? Wa ya ce ta yarda da duk abin da aka gaya mata? Ta leƙa ta taga mana, ta ga ganye ya fara ja."

Da ƙyar ya tatso zancen. Ashe manhajoji goma sha ɗaya ne a kwamfutar, duk na gwajin kwana talatin, kuma ba wadda ta taɓa cika kwanakinta. Duk ranar Lahadi in ta dawo daga coci, kafin ma ta cire takalmi, sai ta mayar da agogon baya zuwa Lahadi, tara ga Maris, 1997. Shekara biyu da rabi kenan kyanwa da kifaye da wasan kati suna zaune a sati guda ba su sani ba.

Brent ya kwashe da dariyar takaici.

"Wato ki je ki rera waƙar yabo, ki dawo ki yi wa mutane goma sha ɗaya fashi."

"Gwaji nake. Ban gama gwadawa ba."

"Shekara biyu da rabi?"

"Kwana talatin suka ce. Ba su ce waɗanne ba."

"Kuma har kina da bakin ba su tauraro biyu."

"Ra'ayina na ba su kyauta. Ka san nawa ya kamata su biya?"

Ya ga wannan hanyar ba ta ɓullewa, sai ya sauko. Ya ce shi ba ruwansa da agogonta, ta zauna a 1997 har tashin duniya in ta so. Abin da yake roƙo kawai ta shiga shafin ta gyara abin da ta rubuta kafin Litinin, tunda yanzu ta san ba laifinsa ba ne. Marlys ta ce ita ba ta san komai ba. Abin da ta gani da idonta shi ne takarda mai cewa Maris, kuma tunda take ba ta taɓa rubuta ra'ayi a kan abin da ba ta gani ba a kwamfutarta. In yana son ta canza, sai ta ga manhajar ta buga ranar gaskiya a nan ɗakin.

"To bari in gyara agogon minti ɗaya, ki gani, in mayar."

"Kai ne mai digiri amma ni zan koya maka? Da sun ga ranar gaskiya sau ɗaya, shi ke nan, sun rubuta sun ajiye. Ko ka mayar ba sa dawowa."

Gaskiyarta ne, kuma ya sani. Ya dubi allon, kyanwar ta zo ta kwanta a kan manhajarsa tana lasar ƙafa, kamar da gayya.

"Me ya sa ma tara ga Maris? Ranakun duniya duk sun ƙare?"

Ta ɗauki wani ƙyalle ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

"Kakanka Vern ne ya koya min dabarar. Shi ke mayarwa. Ranar ce ta ƙarshe da ya zauna a kujerar nan, washegari aka kwantar da shi a asibiti. Na tarar da ita a haka, na ci gaba da mayar da ita inda ya bari."

Kunya ta rufe Brent. Ya tuna watan Afrilun da suka binne tsohon, ya ji duk surutun da ya kwaso tun daga Minneapolis ya zame masa nauyi. Yana son faifan nan kamar ransa, amma ba zai iya cewa ta biya da wannan ba. Ya miƙe daga kujerar ya ninke takardarsa ya mayar aljihu.

"Bar shi kawai, Kaka. Wata mujallar za ta zo."

Ta bi shi da kallo sama da ƙasa.

"Ji mini raggo. Awa uku ka tuƙo ka ƙona mai, don ka zo ka ce a bar shi? Haka Vern yake, da an ɗaga masa gira ya ajiye makamai. Matsa min."

"Da gaske nake."

"Ni ma ba rawa nake ba. Matsa, ka tsaya min a ka kamar sandar fitila."

Ta zauna, ta gyara tabarau, ta buɗe agogon. Hannunta ya ɗan tsaya a kan linzamin, Brent ya kau da kai ya hau nazarin keken ɗinki. Da ya juyo, kusurwar allon na cewa Asabar, sha takwas ga Satumba, 1999.

Ba a yi minti ɗaya ba suka fara faɗuwa. Kyanwa ce ta fara ɓacewa, wani akwatin saƙo ya maye gurbinta yana cewa lokacin gwaji ya wuce. Marlys ta ce ta gaida gida, dama ba ta tsinana komai ba. Mai hasashen yanayi ya bi baya, ta ce shi kam ko yana raye ƙarya yake yi. Littafin girke-girke ya rufe kansa, ta ce duk abin da ke ciki ta fi shi iyawa. Haka ta yi ta raka su da baƙar magana ɗaya bayan ɗaya. Da ta danna wasan kati ya ƙi buɗewa ne kawai ta ja hanci ta ce ƙurar ƙyallayen nan ta dame ta.

"Buga min takardar."

Brent ya shigar wa manhajarsa lambar saye don kada ita ma ta rufe, firinta ta sake gurnaninta. Marlys ta ɗaga takardar ta kai ta kusa da hanci, ta nisanta ta, ta juya bayanta ko akwai wata maƙarƙashiya. Sannan ta sa shi ya je ya tabbatar ba a ɗaga kan waya a kicin ba, ta haɗa intanet ta layin wayar, kwamfuta ta yi ta ƙiiii har ta shiga. Ta share tsohon rubutun ta fara sabo da yatsu goma, ba ta ko kallon madannai. Ta hana shi leƙe sai da ta aika, sannan ta karanta masa da muryarta ta ofis:

"Tauraro huɗu. Na yi wa wannan manhaja ƙazafi. Ta san ranar da ake ciki. Ni ce ban so in sani ba."

Brent ya matso ya karanta da idonsa a kan allo.

"Huɗu? Bayan duk wannan, huɗu?"

"Rubutun ya yi ƙanana, launin kuma kamar miyar da ta kwana. Huɗun ma don ina cikin makokin kati ne."

"Zan haɗa miki wani wasan. Wanda ba ya ƙarewa."

"Ka haɗa. Amma ka sani zan rubuta ra'ayina a kai."

"Na fasa."

Sai a lokacin ta yi dariya, ta gaske, har da dukan cinya. Ta miƙe dafe da tebur, ta nuna masa kwalayen da ke jingine a bango.

"Ɗauki kwalba biyu ka tafi da su. Sauran talatin da takwas kuma zauna ka ɓare musu takardu, yau ba 1997 ba ce."